Jitar Da Ke Ƙugi A Bukan Sidi

A wannan mako na so in taɓo maganar taki da halin da manoma ke ciki, amma sai wata 'yar rigima ta cikin gida ta sha gabana, ta hana ni sakat har kwana uku. Rigimar kuwa a kan jita ce, watau molon nan na Turawa mai aiki da wutar lantarki. Na san wani zai ce, duk matsalolin ƙasar nan malam bai ga abin rubutu ba sai kayan kiɗa? To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu a hankali, domin a ƙarƙashin maganar akwai riɗin wata baiwar Allah da ya kusa salwanta, har ma da ran ɗanta.

Ina da ɗan ƙanwa a nan Bukan Sidi, unguwar nan da ke bakin hanyar Jos idan ka fito daga cikin garin Lafiya. Da rana tela ne, ran Juma'a da Asabar da dare kuwa shi ne mai jita a wata ƙungiyar samari masu kiɗan biki. Wanda ya san Lafiya ya san gari ne na taron jama'a iri-iri, Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani, kowa da irin shagalinsa. Saboda haka mai kayan kiɗa ba ya rasa kira, yau gidan biki, gobe majami'a, jibi taron 'yan siyasa, kuma tun da garin ya zama hedkwatar Jihar Nasarawa a 1996 abin sai ƙaruwa yake yi.

Ran nan da almuru sai ga yaron ya shigo mini rataye da jitarsa, fuska a murtuke. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, jitar nan ta gama yawo." Na ce me ya same ta? Ya ce da zarar ya jona ta da amfilifaya sai ta kama ƙugi kamar an taɓa amyar zuma, tun bai kai hannu ga tsirkiya ba. A wani biki da suka je kwanan baya ƙugin ya yi yawa har uwar amarya ta aiko a ce ko dai su kashe wannan abu ko su tattara nasu ya nasu, aka kuma sallame su da rabin kuɗi. Ya kai ta wani kanti, mai kantin ya ɗaga ya juya, ya ce ai wannan jabu ce, fikof ɗinta 'yan sirara ne, jitar kirki ita ce mai faffaɗan fikof guda biyu, ga ta can a rataye. Kuɗin da ya yanka masa kuwa ba inda zai samo su sai in uwarsa ta fitar da riɗin da ta ajiye tana jiran ya yi daraja. Abin da ya kawo shi wurina ke nan, wai in je in lallashe ta.

Na ce masa ya dakata tukuna. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya kafin in ajiye alli, na kuwa san ƙarfe da waya ba su yin ƙugi don ƙeta. Washegari muka ɗauki jita da amfilifaya muka nufi rumfar wani tsohon abokina mai gyaran rediyo, wanda tun zamanin rediyo mai bawul yake ƙona yatsunsa da dalma.

Kafin in faɗi abin da muka gano, bari in yi wa mai karatu bayanin fikof ɗin nan, don kada ya zaci motar a-kori-kura ake nufi, ko da yake a bakin Bature sunansu ɗaya, ma'anarsa kuwa abin da ke ɗauka. Duk wanda ya dubi jitar lantarki zai ga waɗansu 'yan sanduna kwance a gicciye ƙarƙashin tsirkiyoyi, tsakanin wuyan jitar da jakinta, wani lokaci biyu, wani lokaci uku. To, su ne maɗaukan. Garaya da gurmi da goge suna da ƙwarya ko fafaffen itace da aka rufe da fata, nan ne sauti ke kumbura ya fito. Ita kuwa jitar lantarki galibi guntun katako ce ba rami ba kogo, in ka kaɗa ta ba a jone ba kukan sauro ya fi ta amo. Muryarta daga waɗannan 'yan sanduna take fitowa.

Cikin kowannensu akwai maganaɗisu, wanda yara ke kira mayen ƙarfe, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe wadda kaurinta bai wuce na gashin kai ba. Naɗin kuwa ba na wasa ba ne. A irin wanda ke jikin jitar ɗan ƙanwata ana zagayawa wajen sau 8,000, in da za a warware wayar a miƙe ta sai ta kusa kilomita guda. Tsirkiyar jita ta ƙarfe ce, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta yana sam mata wani abu na ƙarfinsa. Idan aka kaɗa ta ta shiga karkarwa, sai ƙarfin da ke ratsa naɗin ya riƙa motsi tare da ita, motsin nan kuwa shi ke haifar da 'yar wuta ƙanƙanuwa cikin wayar, mai kai da komowa daidai da karkarwar tsirkiya. Amfilifaya ta karɓa ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita sauti. Wani Baturen Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan hikima a 1831, ita ce kuma ke aiki cikin janareta da cikin ɗan injin nan da ake jinginawa a tayar keke don kunna fitila. Abin lura a nan shi ne, maɗaukin nan kurma ne. Motsin ƙarfe kawai ya sani. Ɗaura masa izgar doki ko zaren roba ka yi ta kaɗawa har gari ya waye, ba zai ce uffan ba.

Dalilin ƙirƙiro shi kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa ganin mai molo ya zauna kusa da masu kalangu. A Amurka, cikin manyan ƙungiyoyin kiɗa masu ƙahoni da ganguna, mai jita ya zama ɗan rakiya, ana ganin hannunsa na motsi ba a jin abin da yake yi. A 1931 wani makaɗi, George Beauchamp, ya haɗa lanƙwasassun maganaɗisu biyu da naɗin waya, a 1932 shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da jitar, mutane suka laƙaba mata suna kaskon suya saboda kamanninta.

Wannan iri na farko naɗinsa ɗaya ne, bari mu kira shi tilo. Wanda ya fi kowa yaɗa shi a duniya shi ne Leo Fender na Kalifoniya, wanda shi ma asalinsa mai gyaran rediyo ne, bai kuma iya kaɗa jita ba. Da na faɗa wa abokina haka sai ya gyara zama, ya ce ashe sana'ar tasu tana da manya. A 1950 Fender ya fito da jitar da daga baya aka sa wa suna Telecaster, mai tilo biyu, a 1954 kuma ya fito da Stratocaster mai tilo uku. Jitar ɗan ƙanwata kwaikwayon wannan ta biyun ce, irin waɗanda ake ƙerawa a ƙasashen Asiya, kamar dai yawancin jitocin da ke hannun samarinmu.

Muryar tilo garau take, siririya mai kaifi, kamar an ƙwanƙwasa tangaran da cokali. Kowace tsirkiya ana jin ta daban ko da yatsun makaɗi na gudu. Wannan ya sa ta dace da kiɗanmu na Afirka, inda jita ba ta cika yin doguwar magana ita kaɗai ba, sai dai ta yi ta saƙa 'yan gajerun kalmomi tana maimaitawa tsakanin ganguna, kamar yadda kuntukuru ke yi a gefen kalangu. Wanda ya girma da faya-fayan Kongo na su Franco da Dokta Nico, ko ya ji Joromi ta Victor Uwaifo ta 1965, ko ya taɓa kallon ƙungiyar Bala Miller ta Kaduna, ya san irin tsabtar sautin da kunnenmu ya saba nema daga jita. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun kai abin wani matsayi, don a Agadas biki ba ya cika sai an kafa lasifika a fili an kaɗa jita. Mdou Moctar, Ba'abzinen nan bahago wanda ya fara koyo da jitar da ya haɗa da kansa da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, cikin salon waƙoƙin finafinan Hausa. Daga baya duniya ta san shi riƙe da farar Stratocaster, yana sa tilon nan da mai kanti ya raina yana kuka a manyan dandamalin Turai da Amurka.

Har ila yau mazaunin maɗauki yana sauya murya kamar yadda irinsa ke sauya ta. Tsirkiya ta fi lilo wajen tsakiyarta, kusa da jaki kuwa a ɗaure take tamau, motsinta kaɗan ne. Saboda haka maɗaukin da ke gindin jaki muryarsa tsini gare ta, tana huda hayaniya kamar guɗa, na kusa da wuya kuwa tasa cikakkiya ce mai taushi, irin ta dattijon da ke ba da labari bayan cin tuwo. Mai garaya ya san wannan tun ba a haifi Fender ba, in yana son amo mai tauri sai ya matsa hannunsa wajen jaki. Makunnin zaɓi na Stratocaster ta farko mazauni uku gare shi, kowane maɗauki da nasa. Sai makaɗa suka gano cewa in suka tsai da shi a tsakani, har wasu na tokare shi da tsinken ashana, maɗaukai biyu za su yi aiki tare, wata murya ta fito mai ɗan hanci kamar kukan agwagwa, mai daɗin rakiyar waƙa. Sai a 1977 kamfanin ya bi su ya mai da mazaunan biyar. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Amma fa tilo zuma ne, ga zaƙi ga harbi. Waya mai tsawon kilomita da aka naɗe wuri ɗaya takan ji abin da ba a aike ta ba. Wutar da ke gidajenmu tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma duk abin da ke da naɗin waya a cikinsa, taransifoma ne, fanka ce, sitabilaiza ce, janareta ne, yana watsa nasa ƙarfin maganaɗisu a kewayensa. Tilo ba ya tantancewa, duka yake kwasa ya miƙa wa amfilifaya. Watau ƙugin nan da ake ji muryar wutar lantarki ce kanta. Jitar Fender ta asali da aka saya da kuɗin mota ita ma tana yinsa, saboda haka maganar jabu ba ta ma taso ba. Mu kuwa a nan abin ya fi yi mana yawa, domin ko bayan da aka buɗe babbar tashar wuta ta Akurba a 2022 mai kiɗan biki bai rabu da janareta ba, ba wanda zai yarda wuta ta ɗauke ana tsakiyar liƙi.

To, mu koma rumfar abokina. Ya jona jitar, ƙugi ya cika wuri. Ya ce wa yaron, "Samari, tashi tsaye ka riƙa juyawa a hankali kamar mai neman sabis." Yana juyawa ƙarar na raguwa tana ƙaruwa. Aka ɗauke sitabilaiza daga kan amfilifaya, inda yaran suka saba ɗora ta, aka kai ta bakin ƙofa, sai rabin ƙugin ya tafi. Amma akwai wata ƙara ta biyu a bisansa, siririya mai ziza kamar mai a kasko, ita ba ruwanta da juyi. Tsohon ya ce ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyi, ba abin da ya sauya. Ya ce to ya taɓa ƙarfen bakin wayar da ke shiga jitar, nan take ta yi tsit. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Malam, ga ɓarawon." Ya kwance murfin bayan jitar, sai ga wata 'yar baƙar waya da ya kamata ta haɗa jaki da tsirkiyoyi da sauran ƙarafan jitar, dalmarta ta saki, tana reto. Aikin wayar nan shi ne, in makaɗi ya taɓa tsirkiya, jikinsa ya zama garkuwa ya janye zizar. A jita lafiyayya ƙarar na raguwa da zarar hannu ya sauka a kan tsirkiya.

Na zaci sai ya liƙa ta mu tashi, amma sai ya ajiye ƙarfen dalmarsa ya ce ba zai taɓa ta ba sai an nuna masa fulogin amfilifaya. Ashe ba fulogi. An yanke shi tuntuni, ana cusa tsiraran wayoyi biyu cikin soket ana tokarewa da ashana, ta ukun kuwa, watau wayar ƙasa, an naɗe ta baya kamar jelar da ba ta da amfani. Nan ne hankalina ya tashi. Idan aka gyara baƙar wayar nan, tsirkiyoyin da ke hannun yaro sun haɗu ke nan da ƙarfen jikin amfilifaya. Ranar da wani abu ya ƙone a ciki wuta ta hau ƙarfen, in akwai wayar ƙasa ita za ta kwashe ta, fis ya tsinke, a huta. In babu ita, wutar za ta jira hanya, hanyar kuwa ita ce mutumin da ke tsaye da gumi a kan damshin ƙasa, hannu ɗaya a tsirkiya, leɓe a makirfo. Ba tatsuniya ba ce. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotlan, Les Harvey, ya faɗi matacce a kan dandamali a garin Swansea a gaban 'yan kallo, saboda ya taɓa makirfon da ba shi da wayar ƙasa ta kirki. Sabuwar jitar mai kanti da ta rage ƙara, yaro ya yi murna, wannan tarko kuwa yana nan a ɗane.

Yanzu bari mu yi wa mai kanti adalci, domin abin da ya nuna wa yaron ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Faffaɗan maɗaukin nan shi makaɗa ke kira hambaka, ma'anar sunan kuwa mai ture ƙugi. Wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya ƙera shi a 1955, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, a daidai lokacin da Ray Butts ya yi wa kamfanin Gretsch nasa irin. Dabarar tana da ban sha'awa. Naɗi biyu ne tagwaye a jere, kowanne wajen zagaye 5,000, an haɗa su ɗaya yana bin dama ɗaya yana bin hagu, sa'an nan an juya fuskar maganaɗisun da ke ƙarƙashin kowanne. Ƙugin da ke zuwa daga waje ba ruwansa da maganaɗisun jita, naɗin kawai yake bi, saboda haka yakan shiga tagwayen a saɓe, kamar ƙarti biyu masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙofa, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje, ƙofa ba ta motsa ba. Motsin tsirkiya kuwa juyi biyu yake samu, na naɗi da na maganaɗisu, sai ya zama su biyun gefe ɗaya suke turawa. Ƙugi ya mutu, kiɗa ya ƙara ƙarfi.

Sai dai ba a samun wannan kyauta. Yawan waya yana danne siraran sautuka na sama, ga shi kuma tagwayen suna sauraron tsirkiya a wuri biyu, wanda ke ƙara shafe kaifin. Muryar hambaka kakkaura ce, mai nauyi, mai daɗewa kafin ta mutu. In tilo kunun tsamiya ne, hambaka fura ce da nono mai kauri. Ita ce muryar jitar B.B. King wadda ya sa wa suna Lucille, mai jan sauti ɗaya har sai ya taɓa zuciya, ita ce kuma ta Wes Montgomery mai kaɗawa da babban yatsa. Masu kiɗan hayaniya na Turawa suna son ta don tana cika amfilifaya har sauti ya dusashe ya yi gurnani. Amma a ganina, ga ƙungiya irin ta ɗan ƙanwata, mai ganga da kalangu da fiyano da jitar bes duk suna kokawa a tsakiya, kakkaurar murya nutsewa take yi. Sai makaɗi ya yi ta ƙara ƙarfi don a ji shi, mawaƙi shi ma ya ƙara, kafin a jima tsofaffi sun toshe kunne sun tafi gida.

Akwai na tsakani, P-90, wanda Gibson ya fito da shi a 1946. Tilo ne, amma naɗinsa gajere ne mai faɗi, wajen zagaye 10,000, har ana yi wa wani irinsa laƙabi da sandar sabulu. Ya fi na Fender kauri, ya fi hambaka cizo, muryarsa da 'yar tsatsa kamar ta maroƙin da ya kwana yana kirari. Irinsa ne a jikin jitar Les Paul Special da Bob Marley ya fi riƙewa. Wajen ƙugi kuwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Masu kanti suna son maganar maganaɗisu, don nan ne ake ƙara kuɗi. Za a ce maka wannan alniko ne, wancan siramik ne. Alniko haɗin ƙarfe ne da alminiyam da nikel da kobal, shi ne na tsofaffin jitoci, muryarsa ta fi laushi. Siramik ya fi araha, shi ke cikin yawancin jitocin talakawa, yakan fi tauri a kunne. Bambancin yana nan, amma bai kai rabin yadda ake zuzuta shi ba, kuma a filin biki da lasifikar da ta sha ƙura ban ga mai iya rantsuwa a kansa ba. Abin da ya fi shi tasiri shi ne yawan naɗi. In ka ƙara waya ƙarfi ya ƙaru, tsabta ta ragu. Abokina ya ɗora mitarsa ya nuna wa yaron: tilo irin na Fender yakan ba da om wajen 6,000, hambaka irin ta da wajen 8,000, masu zafi kuwa irin Super Distortion da DiMarzio ya fito da shi a 1972 sukan haura 13,000. Lambar tsawon waya take nunawa, ba ta auna daɗi. Amfaninta ga mai sayen jitar gwanjo shi ne, in mita ba ta motsa ba, wayar ta tsinke a ciki. Wanda ba shi da mita kuwa ya jona jitar ya ɗan ƙwanƙwasa kan kowane maɗauki da sukundireba, mai rai zai amsa da ƙarfi.

Masu batir, irin na kamfanin EMG da aka kafa a 1976, naɗinsu kaɗan ne, sai aka sa musu 'yar amfilifaya a ciki mai cin batir ɗan bolt 9. Shiru suke kamar maƙabarta, doguwar waya ba ta rage musu kaifi. Amma in aka bar waya a jone batir na ci, kuma ina tausayin wanda nasa zai mutu da sha biyun dare a wani ƙauye bayan Doma.

Ga wanda ya fi ba ni sha'awa, ko da yake ba shi ya kai mu rumfar ba. Na ce maɗaukin maganaɗisu ba ya jin izga. To, goge da kukuma fa? Shekara da shekaru makaɗanmu, daga su Garba Supa da Hassan Wayam masu kukuma har Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, makirfo aka riƙa kafa musu a gaba, makaɗi ya zama ɗaurarre wuri ɗaya, in an ƙara ƙarfi lasifika ta yi ihu. Alhali kuwa akwai wani maɗauki da ake kira fiyezo wanda ba ya bukatar ƙarfe. Wani irin dutse ne da ke fitar da wuta in an matsa shi, abin da Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a Faransa a 1880, shi ne kuma ke ba da tartsatsi a laitar nan da ake dannawa. In aka manna shi a gindin jaki, girgizar fata da itace yake ji kai tsaye. Muryarsa a bushe take in ba a gyara ta ba, amma tana fita. A Mali, Bassekou Kouyate ya jona ngoni, ɗan'uwan molonmu, da amfilifaya ya zaga duniya da shi. A Kinshasa kuwa Mingiedi Mawangu, mai ƙungiyar Konono, da hannunsa ya naɗa maɗaukai da maganaɗisun tsofaffin motoci don a ji kiɗansa cikin hayaniyar birni. Mu nan kowace unguwa da mai naɗin fanka da injin markaɗe, hannunsu ya saba da waya. Tun daga shekarun 1990 fiyano ta mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano tana kwaikwayon kowane kayan kiɗa, ni kuwa na fi so in ga ranar da saurayi zai hau dandamali da gurmi a jone, a ji shi har bayan fili.

Abin da aka yi wa jitar ɗan ƙanwata bai ɗauki awa biyu ba. Aka sa wa amfilifaya fulogi mai ƙafa uku, sa'an nan aka liƙa baƙar wayar. Aka shimfiɗa takardar alminiyam a ramin da maɗaukan ke zaune aka haɗa ta da wayar ƙasa. Aka yar da doguwar wayarsu mai faci uku aka sa gajeriya, domin doguwar waya ita ma tana shan kaifin tilo. Tsohon ya ɗan sassauta maɗaukan ƙasa, ya ce yaron ya ɗaga su har sun kusa taɓa tsirkiya, maganaɗisu na riƙe ta yana hana ta lilo. Daga nan ya ɗauko wani guntun maganaɗisu ya bi kansu ɗaya bayan ɗaya: na wuya ya ture shi, na jaki ya ture shi, na tsakiya ya cafke. Ya ce, "Samari, ai kana da hambakarka tun tuni." Masu ƙera irin waɗannan jitoci da yawa sukan juya naɗi da maganaɗisun na tsakiya, saboda haka in makunni yana mazauni na 2 ko na 4, maɗaukai biyun da ke aiki tare suna kashe ƙugi kamar tagwayen Seth Lover, muryar kuma ba ta yi kauri ba. Aka tura makunni can, rumfa ta yi tsit har muna jin kukan kaji a maƙwabta.

Ba zan ce ƙugi ya tafi duka ba. In ya koma kan na jaki shi kaɗai yana nan kaɗan, sai dai ya koyi tsayawa ta fuskar da ya fi sauƙi, ya kuma rufe ƙarfin jitar tsakanin waƙa da waƙa. Na sa shugaban ƙungiyarsu ya yi alkawarin kiran mai aikin wuta na gaske ya yi wa janaretansu sandar ƙasa, na ce in ba haka ba ni da kaina zan kai ƙararsu wurin iyayensu. Duk abin da muka kashe, har da goron abokina, bai kai kuɗin mudu biyar na riɗi ba.

Yaron dai har yanzu ransa na kan hambaka, ya ce akwai waƙoƙin da yake son jitar ta yi kuka mai tsawo. Ban hana shi ba. Akwai jitoci irin Yamaha Pacifica 112 masu hambaka a jaki da tilo biyu a gaba, akwai kuma hambaka 'yar siririya da ke shiga ramin tilo ba tare da an sassaƙe katako ba. Na ce in ɗinkin ƙarshen shekara ya yi albarka ya saya da guminsa. Ƙanwata ba ta ma san an yi wannan shawara a kan riɗinta ba, sai ta karanta a nan. Ran Asabar da ta wuce sun yi kiɗa a bayan layinmu, ina kwance a tsakar gida ina jin jitar tana ratsa ganguna har wajen ƙarfe ɗaya, ni da na gyara ta ni ta hana barci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma maganar taki.